Darasi: Jawo hoton kyamara daga nesa zuwa OBS ba tare da kashe maƙudan kuɗi ba

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yau ina zaune a ɗan situdiyonmu da ke Unguwar Rimi a Kaduna, ƙanena kuma na tura shi Kawo da waya ɗaya da ƙafar kyamara. Abin da nake so ku gani da idonku shi ne yadda hoton wayarsa zai shigo cikin wannan kwamfutar kai tsaye, in haɗa shi da nawa a cikin OBS, manhajar haɗa hotuna da watsa shiri kai tsaye, mu fita a Facebook ko YouTube kamar muna ɗaki ɗaya. Manyan gidajen talabijin suna yin wannan da jakar goyo irin ta LiveU, mai haɗa layuka da yawa wuri ɗaya. Kuɗinta ba na irinmu ba ne. Mu da waya za mu yi.

Kafin ka taɓa komai, tambayi kanka abu ɗaya: mutumin da ke can nesa, hira za ku yi da shi, ko kuwa nuna taro kawai zai yi? In hira ce, kana tambaya yana amsawa, to jinkiri shi ne abokin gabarka. In kuwa tafsiri ne ko ɗaurin aure ko wasan ƙwallo, ba ruwan mai kallo ko hoton ya makara da daƙiƙa biyu, shi dai kada ya riƙa tsayawa. Amsar nan ita za ta zaɓa maka hanya.

Bari in fara kawar da NDI, wata hanyar tura hoton kyamara zuwa kwamfuta, don ana yawan tambayata. NDI, wadda kamfanin NewTek ya fitar a 2015, ta cikin gida ce: kyamara da kwamfuta suna kan rauta ɗaya. Cikakkiyarta tana cin sama da megabit 100 a daƙiƙa. A cikin zaure ɗaya, madalla. Daga Kawo zuwa nan a kan layin waya, manta da ita.

Ta hira ita ce VDO.Ninja. Da can sunanta OBS.Ninja, wani ɗan Kanada, Steve Seguin, ya ƙirƙire ta a 2020, lokacin kullen korona, kuma kyauta ce. Ba ma sai ka sauke manhaja ba. Ga yadda na yi. Na rubuta masa adireshi na tura ta WhatsApp: vdo.ninja, sai alamar tambaya, sai push, alamar daidai, sai wata kalma da na ƙaga. Don Allah kada ka sa kalma mai sauƙi kamar sunan garinku, duk wanda ya canka zai iya leƙa hotonka. Cakuɗa haruffa da lambobi. Shi zai buɗe a Chrome, ya ba da izinin kyamara da makirufo, ya zaɓi kyamarar baya, ya danna fara.

Ni kuma a nan, ku dubi allo. A cikin OBS, ƙarƙashin Sources, na danna alamar ƙari, na zaɓi Browser. Adireshi ɗaya ne da nasa, sai dai inda ya rubuta push ni na rubuta view. Faɗi 1280, tsayi 720. Sai wannan ɗan akwatin, Control audio via OBS, ka tabbatar ka sa masa alama, in ba haka ba muryarsa ba za ta bayyana a ma'aunin sauti ba, ka yi ta neman inda ta shige. To bismilla. Ga shi nan, ga gadar Kawo a bayansa.

Ƙanena, kana ji na?

"Ina jin ka, Yaya, tar."

Ɗaga hannu mu gani. Kun gani? Tsakanin maganata da ɗaga hannunsa bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Dalili shi ne hoton daga wayarsa yake tahowa zuwa kwamfutata kai tsaye, da fasahar WebRTC, irin wadda kiran bidiyo a burauza ke amfani da ita. Ƙanena, kwantar da wayar, kada ka tsayar da ita. Yauwa. Kuma sa abin kunnenka.

Maganar abin kunnen nan ba wasa ba ce. In babu shi, muryata za ta fito ta lasifikar wayarsa, ta koma makirufonsa, ta dawo mini, ku ji amsa-kuwwa kamar muna cikin rijiya. Mutane suna iya haƙuri da hoto mai hazo, amma sauti in ya lalace, nan take za su watse.

Yanzu lissafin data, don shi ne ainihin kuɗin da za ka kashe. In ba ka canza komai ba, VDO.Ninja tana neman kusan kilobit 2500 a daƙiƙa. Raba megabit 2.5 gida takwas, ka ninka da daƙiƙa 3600, za ka samu kimanin megabait 1125. Wato gigabait ɗaya da ɗan ɗoriya a kowace awa, a wajensa. Ni ma zan ci kwatankwacin hakan wajen karɓa, sannan ga wanda zan tura Facebook. In ka ƙara &bitrate=1500 a ƙarshen adireshin view, awa ɗaya za ta dawo kusan megabait 675. Ga mai magana a zaune, 1500 a kan 720 ta wadatar, ni a ganina. Ina kuma ƙara &codec=h264, don wayoyi da yawa sun fi sauƙin sarrafa shi, ba sa saurin ɗaukar zafi.

Kuskuren da kusan kowa ke yi: ya buɗe Speedtest, ya ga lambar saukewa ta yi sama, ya ce sabis lafiya lau. Mai kyamara ba saukewa yake ba, turawa yake. Lamba ta biyu, ta turawa, za ka duba, kuma ina so ta ninka abin da za ka tura sau biyu. Ni wannan da kunya na koye shi. Wata walimar saukar karatu a Tudun Wada, na je da hantsi na gwada, komai sumul. Bayan la'asar da unguwa ta cika, kowa ya ciro waya yana ɗauka yana turawa, hoton ya daskare a kan fuskar mai addu'a, bakinsa a buɗe, har kusan minti ɗaya. Daga ranar nake gwaji a lokacin da taro ya cika, kuma nake tafiya da layi biyu na kamfani daban-daban, ko MTN da Airtel, ko Glo, wanda dai ya fi ƙarfi a unguwar.

Irin wannan taron shi ya kai ni ga SRT, hanyar tura hoto da ta dace da nuna taro. Kamfanin Haivision ne ya ƙirƙiro ta, ya sake ta kyauta ga kowa a 2017, kuma OBS da vMix, takwararta ta kuɗi, duk suna karɓar ta. Hikimarta ita ce tana riƙe hoton na ɗan lokaci kafin ta nuna. In wani guntu ya ɓace a hanya, sai mai karɓa ya ce a sake turo masa, ya iso kafin lokacin nunawa ya yi. Asalin jinkirinta milisakan 120 ne, ana kuma ba da shawarar ka ninka lokacin zuwa da dawowar saƙo sau huɗu. A kan layin waya ni ba na wahalar da kaina, daƙiƙa biyu nake sawa.

A waya za ka sa manhaja irin su Larix Broadcaster, wadda wasu ɓangarorinta sai da biyan kuɗi. A OBS kuma ka zaɓi Media Source, ka cire alamar Local File, ka rubuta srt://0.0.0.0:9000?mode=listener&latency=2000000. Ku lura da tarin sifirin nan. OBS da mikrosakan take ƙidaya, miliyan biyu shi ne daƙiƙa biyu. In ka rubuta 2000 kamar yadda ake yi a waya ko a vMix, ka rubuta abin da bai kai ƙiftawar ido ba.

Sai dai akwai ƙaya. Kwamfutarka ce mai jiran kira, wayar ce mai kira, to wace lamba za ta kira? Layukan waya da ƙananan rauta na MiFi galibi ba sa ba ka adireshin IP naka na kanka, wato lambar da ake samun na'urarka da ita a intanet, ku da yawa ne kuke raba ɗaya, kamar gidan haya mai ƙofa ɗaya ba lambar ɗaki. Baƙo zai zo ƙofa ya rasa wa zai sallama wa. Maganin da ya fi arha shi ne Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka kamar suna kan rauta ɗaya, tana da tsarin kyauta. Ka sa ta a kwamfuta, ka sa a waya, ka shiga da asusu ɗaya. Za ta ba kwamfutar adireshi mai farawa da 100, shi za ka rubuta a wayar, ka bi shi da 9000, lambar ƙofar da ka rubuta a OBS. In har yanzu baƙin allo kake gani, je ka katangar tsaro ta Windows ka buɗe wa wannan ƙofar hanya, ta UDP.

Masu vMix, kuna da vMix Call a ciki: mutum ɗaya a bugun HD, huɗu a 4K, takwas a Pro, akwai kuma gwajin kwana 60 kyauta. Mai kyau ce ƙwarai. Amma in don baƙo ɗaya ne za ka saya, ni dai ban ga dalili ba.

Ƙanena, taɓa bayan wayar, ya take?

"Ta fara zafi, Yaya."

To cire mata riga, ka koma inuwa. Ranar Kaduna a watan Maris ba ta wasa, waya in ta yi zafi da kanta take rage aiki, hoton ya fara ɗingishi. Kuma jona ta da fawa bank tun yanzu. Abu na ƙarshe da nake sa shi ya yi kullum: wayar ɗauka a sa ta a yanayin jirgi, a kunna Wi-Fi kaɗai, ta sha daga MiFi ɗin da ke aljihunsa. In ba haka ba, kana tsaka da shiri Hajiya za ta kira ta tambayi ko an sayo cefane, hoto ya yanke.

Ƙanena, shi ke nan, naɗe kayan ka taho. Ka sa wayar a jaka kafin ka hau keke, kada ka riƙe ta a hannu.