Darasi: Layun da Aka Tsinta a Bahiya

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau darasinmu zai kai mu ƙasar Burazil, birnin Salbado na jihar Bahiya. Ɗalibai, a ɗauko biro.

A daren 24 wayewar 25 ga Janairun 1835, ana cikin azumi, ɗaruruwan Musulmi 'yan Afirka, bayi da 'yantattu, suka yi bore a birnin. Yarabawa ne suka fi yawa, amma da Hausawa a ciki. Kai, Hausawa ma sun riga su, don tun 1807 hukuma ta bankaɗo wani shirin tawayensu. Kafin rana ta yi tsaka an murƙushe boren. Da aka caje gawarwaki, sai ga layu a wuya, ga takardu ɗauke da ayoyi da addu'o'i.

To, ku tsaya nan. Mutumin da aka yi cinikinsa kamar akuya, ashe almajiri ne, ya sha tawada. An riga an yi masa wankan coci, an laƙaba masa sunan Fotugis, sunan yanka ya ɓace. Rubutun nan kaɗai ya rage masa, shi ma aka bi shi. Bayan boren, wanda duk aka samu da takardar Larabci ya shiga uku: kamu, bulala, wasu a tusa ƙeyarsu zuwa Afirka. Uban da ke tsoron bulala zai ɗora wa ɗansa allo? Haka karatun ya mutu a hankali.

Sai 1888 Burazil ta haramta bauta. A 1890 ministan kuɗi Rui Barbosa ya sa a ƙone takardun bautar da ke ma'aikatarsa. An ce don kada iyayengiji su nemi diyya ne. Na ji, amma toka ba ta gaya wa jika daga ina kakansa ya fito.

Yaron da aka koya wa cewa tarihinsa daga jirgin bayi ya fara, da wane ido zai kalli kansa? Sai a 2003 doka ta wajabta koyar da tarihin Afirka a makarantun ƙasar. Layun kuwa, wasunsu na nan a ma'ajiyar tarihin Bahiya, domin 'yan sanda sun adana su a matsayin shaidar laifi.

Aikin gida: kowa ya samu tsohuwar gidansu, ya rubuto sunayen kakanninsa har hawa huɗu da garin da suka taso. Sai mako mai zuwa, a huta lafiya.