Darasin kimiyya a falon gida: yadda iyalan Amurka ke haɗa shi da imani

Akwai wani jirgin ruwa da bai taɓa shiga ruwa ba. A kan tudu aka gina shi, a garin Williamstown na jihar Kentucky a Amurka, aka buɗe shi a 2016. Tsawonsa ƙafa 510, an ƙera shi da katako bisa awon da Littafi Mai Tsarki ya bayar na jirgin Annabi Nuhu. A cikinsa keji ne jere, kowanne da siffar wata dabba.  A wasu kejin dainaso ne a ciki, irin dabbobin nan da suka shuɗe, waɗanda ƙasusuwansu kaɗai ake tonowa. Cikin masu zuwa kallo akwai iyalan da 'ya'yansu ba sa zuwa makaranta. A gida ake koyar da su, kuma wannan ziyarar tana cikin darasinsu na kimiyya.

Karatun gida a Amurka ba ƙaramar harka ba ce. A 1999 hukumar ƙididdigar ilimi ta ƙasar ta ƙiyasta yara 850,000 ne ke karatu a gida. Zuwa 2016 sun kai kimanin miliyan 1.7, sannan korona ta zo ta ƙara yawansu. Ba duka ba ne suka yi hakan don addini. Wani cin zalin da ake yi wa ɗansa a makaranta ne ya ishe shi, wata kuma koyarwar ce ba ta gamsar da ita ba. Amma waɗanda suka share hanyar, galibinsu Kiristoci ne masu riƙo da addini.

Abin da ya kore su daga makarantun gwamnati a kotu ya faro. A 1962 da 1963 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta wa makarantun gwamnati jagorantar addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki a matsayin ibada. A 1968 ta soke dokar jihar Arkansas da ta hana koyar da ka'idar juyin halitta ta Darwin, wadda ta ce halittu sun samo asali ne daga wasu halittun da suka gabace su ta hanyar sauyawa a hankali. A 1987 kuma ta yi watsi da dokar Louisiana wadda ta ce in an koyar da Darwin sai an koyar da labarin halitta na addini a gefensa. Iyaye da yawa suka ce to, ga makarantarku nan, mu ga 'ya'yanmu. Zuwa 1993 karatun gida ya halatta a dukkan jihohi 50. Sai dai kowace jiha da nata tsarin. A New York sai uwa ta miƙa tsarin karatunta ta kuma riƙa kai rahoto sau huɗu a shekara. A Teksas ba sai ta sanar da kowa ba, kuma kimiyya ma ba ta cikin darussan da doka ta wajabta mata.

To, uwar da ba ta karanci kimiyya ba, da me za ta koyar? Da littafin da ta saya. Akwai kamfanonin da wannan ce sana'arsu, irin su Abeka da Apologia da maɗaba'ar jami'ar Bob Jones. A faɗi gaskiya, mafi yawan abin da ke cikin littattafansu kimiyyar da kowa ya sani ce: yadda zuciya ke harba jini, yadda ganye ke haɗa abinci da hasken rana, yadda ake lissafin gudun abu. Ana sa aya a farkon babi, ana tunatar da yaro cewa wannan aikin Mahalicci ne. Ni dai ban ga abin da wannan ya rage wa darasin ba. Uwa ta leƙa madubin ƙara girma ta ga ƙwayar halittar albasa ta yi wa Ubangiji tasbihi, ƙwayar tana nan yadda take, yaron kuma ya ganta.

Inda gizo ke saƙar babi biyu ne: shekarun duniya da asalin halittu.

Mu tsaya a kan na farkon. A 1650 wani babban limamin coci a Ailan, James Ussher, ya bi jerin zuriyoyin da ke cikin Tsohon Alkawari, wato sashen farko na Littafi Mai Tsarki, wane ya haifi wane yana da shekara kaza, ya haɗa da tarihin sarakuna, ya ce an halicci duniya shekara 4004 kafin haihuwar Annabi Isa. Wannan lissafin ne tushen maganar shekara dubu shida da littattafan nan ke koyarwa.

Yanzu ga wani lissafin. Sinadarin yuraniyam yana rikiɗewa a hankali ya koma dalma, kuma saurin rikiɗewar sananne ne: nau'insa mafi yawa sai ya yi kimanin shekara biliyan 4.5 kafin rabinsa ya juye. Kamar randa ce mai yoyo cikin kwano. Idan ka san yawan ɗigon da ke sauka kowace sa'a, ka auna ruwan da ya taru a kwanon, ka san tun yaushe take yoyo. Wani masani mai suna Clair Patterson ya yi wannan awon a kan gutsattsarin duwatsun da suka faɗo daga sararin samaniya, a 1956 ya fitar da amsa: shekara biliyan 4.55. Ya sha wuya kafin ya samu, domin dalmar da ke cikin iska da ƙura tana ɓata masa awo, har sai da ya gina ɗakin gwaji mai tsananin tsafta. Daga nan ne ma ya gano irin gubar da fetur mai dalma ke bazawa, ya shafe shekaru yana yaƙi da ita.

Abin lura, awon Patterson kowa na iya maimaita shi, kuma an maimaita da wasu sinadaran daban aka dawo kusan wuri ɗaya. Wannan "ta yaya aka sani" ɗin shi ne ainihin abin da ake son yaro ya fita da shi daga darasin kimiyya. Littafin da ya riga ya yanke amsa kafin a yi awo, wannan ɗin yake ƙwace masa.

An kai maganar har gaban alƙali. Jami'ar Kalifoniya ta ƙi amincewa da wasu darussan kimiyyar halittu da aka koyar da littattafan Bob Jones da Abeka a matsayin sharaɗin shiga jami'a. Ɗaya daga cikin littattafan ya faɗa ƙarara a gabatarwarsa cewa duk sakamakon binciken da ya saɓa wa nassi kuskure ne, komai yawan hujjojin da ke bayansa. Ƙungiyar makarantun Kirista ta kai ƙara, a 2008 kotu ta ba jami'ar gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2010. Makarantun coci ne suka yi shari'ar, amma littattafan su ne dai na teburin gidaje da yawa.

Kada ku ɗauka rigimar tsakanin masu addini da marasa addini ce kawai. A cikin gida ma ana yin ta. Francis Collins, wanda ya jagoranci aikin karanta dukkan ƙwayoyin gadon ɗan Adam, Kirista ne mai ibada, ya kuma kafa ƙungiyar BioLogos a 2007 don nuna wa 'yan'uwansa cewa ana iya riƙe imani ba tare da musanta awo ba. A 2011 masu shirya wani babban taron iyayen karatun gida sun janye gayyatar da suka yi wa Ken Ham, mutumin da ƙungiyarsa ta gina jirgin nan na Kentucky, saboda sukar da ya yi wa wani malamin da ke da alaƙa da BioLogos. Sannan ga Georges Lemaître, limamin Katolika ɗan Beljiyam, wanda ya fara kawo ra'ayin cewa sararin samaniya daga wani mafari guda ya faro yana ta buɗewa. Da Fafaroma Pius na 12 ya ce a 1951 wannan ya tabbatar da labarin halitta, Lemaître bai ji daɗi ba, ya nemi a daina jingina aƙida da ka'idar da gobe wani awon zai iya gyara ta.

Mai karatu Musulmi zai ce ai Alƙur'ani ma, kamar Littafi Mai Tsarki, cikin kwana shida ya ce an halicci sammai da ƙasa. Haka ne. Amma shi ne kuma ya ambaci yini ɗaya da ya kai shekara dubu a lissafinmu, a wani wurin ya ambaci mai shekara dubu hamsin, kuma bai zo da jerin shekarun zuriyoyi irin wanda Ussher ya tara ba. Shi ya sa shekarun duniya ba su cika tayar da ƙura a wurinmu ba. Babin asalin ɗan Adam ne ke tayar da ita, kuma duk iyayen da ke koyar da ɗansu da kansu za su iso wannan shafin.

Ƙasusuwan da ake wannan jayayya a kansu kuwa, wasunsu a ƙasar Nijar suke. A Gadoufaoua, cikin hamadar Tenere a yankin Agadas, aka tono wata dainaso mai cin ciyawa da haƙora sama da 500, aka raɗa mata suna Nigersaurus a 1999. A Kentucky za a gaya wa yaro ruwan ɗufana ne ya binne ire-irenta, shekara dubu huɗu da 'yan kai da suka wuce. Masana duwatsu sun ce kimanin shekara miliyan 110. Wanda ke kusa da Yamai yana iya kai yaransa gidan tarihi na ƙasa, akwai ƙwarangwal ɗin dainaso a tsaye a can.