Yadda aka kashe wutar yaƙin Laberiya a nan Akra

Jama'ar Nima, Mamobi, Sabon Zango da duk inda kuke kallonmu, assalamu alaikum.

Sau da yawa za ku ji a rediyo an ce an tsagaita wuta a wuri kaza, kafin Juma'a ta zagayo kuma a ce an koma fagen daga. Haka aka yi a Sudan, aka sa hannu a Jidda a watan Mayun 2023, ba a je ko'ina ba magana ta watse. Me ke sa wata yarjejeniya ta zauna, wata ta ruguje? Ba sai mun yi nisa ba, don a garin nan namu aka yi zaman da ya kawo ƙarshen yaƙin Laberiya.

Ranar 4 ga Yunin 2003 aka buɗe taron. Shugaba Kufuor ne ke jagorantar ECOWAS, ɗan ƙasarmu Mohamed Ibn Chambas ne sakatarenta, Janar Abdulsalami Abubakar na Najeriya kuma shi ne mai shiga tsakani. Masu faɗa uku ne: gwamnatin Charles Taylor, 'yan tawayen LURD da Gini ke ɗaure wa gindi, da na MODEL masu samun goyon bayan Kodebuwa. Kun ga ke nan har da hannun maƙwabta. A ranar ma, Taylor yana Akra kotun musamman ta Saliyo ta bayyana tuhumar laifuffukan yaƙi da take yi masa. Gana ba ta kama shi ba, ya hau jirgi ya koma gida.

Ranar 17 ga Yuni aka sa hannu a kan tsagaita wuta. To amma wa zai tsare ta? Babu soja ko ɗaya da ke tsaye a tsakanin masu faɗan. Kafin wata ya ƙare LURD ta sake afka wa Monrobiya, babban birnin ƙasar, a Yuli kuma abin ya fi muni.

Ku dubi taswirar birnin. Tashar jiragen ruwa tana tsibirin Bushrod, gadoji ne suka haɗa ta da tsakiyar gari. 'Yan tawaye sun riƙe tashar, can kuma rumbunan abincin agaji suke. A ɗaya gefen dubban mutane sun cunkushe a filin ƙwallo da makarantu, ga yunwa, ga kwalara, ga ruwan bama-bamai. Abinci yana nan, masu jin yunwa suna nan, gada kawai ta raba su. Takaici ya sa mutane suka jera gawawwakin 'yan'uwansu a ƙofar ofishin jakadancin Amurka.

A nan Akra kuwa wakilai suna otal, ana ci ana sha, ana ja-in-ja a kan wanda zai samu wace ma'aikata. Matan Laberiya, Musulmi da Kirista, ƙarƙashin Leymah Gbowee, suka ga abin ya ishe su. Suka zauna a bakin ɗakin taro, suka sarƙe hannuwa, suka ce ba mai fita sai an daidaita. Wannan ya kunyata mazan ƙwarai, kuma Gbowee ta samu kyautar Nobel a 2011.

Sai dai a ganina kunya kaɗai ba za ta isa ba. Ku lura da yadda kwanakin suka jeru. Ranar 4 ga Agusta sojojin Najeriya na rundunar ECOWAS suka sauka a Laberiya. Ranar 11 Taylor ya miƙa mulki ya tafi Kalaba a Najeriya, Kufuor yana cikin shugabannin da suka shaida. Ranar 14 LURD ta saki tashar jiragen ruwa, hanyar abinci ta buɗe. Sai ranar 18 aka sa hannu a kan cikakkiyar yarjejeniya a Akra. Takarda ita ce ta zo a ƙarshe, bayan an samu sojan da zai tsare, an kuma cire mutumin da ake rigima a kansa. A Oktoba Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi aikin, da izinin girke soja har 15,000.

Zaman lafiyar ya zo da tsada. An naɗa ɗan kasuwa Gyude Bryant shugaban riƙon ƙwarya, amma ma'aikatu aka raba wa waɗanda suka ɗauki bindiga, kamar rabon naman layya. Kimanin mutum 250,000 suka mutu a wannan yaƙin basasa da wanda aka yi kafinsa, wasu da suka tsira kuma suka shekara da shekaru a sansanin 'yan gudun hijira na Buduburam, can gaba da Kasowa. An yanke wa Taylor hukuncin ɗaurin shekara 50, amma a kan laifin da ya yi wa Saliyo ne. Na Laberiya kuwa, sai a Mayun 2024 Shugaba Joseph Boakai ya sa hannu a kan umarnin buɗe ofishin da zai shirya kafa kotun laifuffukan yaƙi.