Me Ya Sa Feshi Ba Ya Goge Tabon Tuffa?

[Hoto: 'ya'yan tuffa a reshe, da baƙin tabo a fatarsu]

Jama'a, 'yan kwanakin nan wasu bidiyoyi suna ta yawo a intanet. Mutum ya ɗaga tuffa mai tabo a gaban kyamara, ransa a ɓace, yana cewa ya yi ta feshi amma tabon ko gezau, don haka maganin jabu ne. Sau da yawa maganin lafiyarsa ƙalau. Lokacin feshin ne aka kuskure, kuma a kan wannan za mu tsaya yau.

Amma bari mu fara ganin irin juriyar bishiyar, a gurguje.

[Hoto: tsaunukan Tian Shan da dazuzzukan tuffar daji]

Asalin tuffa daga nan yake, tsaunukan Tian Shan na ƙasar Kazakistan. Shi ya sa sanyi bai dame ta ba, hasali ma tana buƙatarsa. Yawancin ire-irenta sai sun sha sanyin da ya gaza digiri 7 a ma'aunin Celsius na awa 800 zuwa sama da 1,000 kafin su farka su yi fure sosai. Akwai irin su Anna da awa 200 zuwa 300 ke isarsu. Sai dai da zarar fure ya buɗe, ƙarfin ya ragu: digiri 2 ƙasa da sifili ya fara kashe furanni.

[Hoto: ganye ya yi yaushi a rana, tuffa mai ƙunar rana a gefe guda]

Idan fari ya zo, bishiyar takan rufe ƙananan ƙofofin numfashi da ke ƙasan ganyenta don ta tattala ruwa. Tana tsira, amma 'ya'yan su fito ƙanana. Idan fatar tuffa ta ɗauki zafin da ya kai wajen digiri 46, sai ta ƙone. Ruwa kuma idan ya kwanta a gindinta, saiwa ta ruɓe.

To, mu koma kan tabon.

[Hoto: busassun ganye a gindin bishiya, kyamara tana matsawa kusa]

Ku dubi nan da kyau. Waɗannan ganyen bara ne da suka kaɗe. Wata fumfuna da masana ke kira Venturia inaequalis, a cikinsu take yin dukan lokacin sanyi, tana haɗa ƙwayoyin irinta masu kama da ƙura. Sanyi na ja da baya, bishiya ta fara toho, sai ruwan sama ya jiƙa ganyen nan, su kuma su harba ƙwayoyin cikin iska. Wasu su sauka a kan sabon ganye ko ƙaramin ɗan tuffa.

Saukar kaɗai ba ta isa ba. Ƙwayar tana buƙatar ganyen ya zauna a jiƙe. Wani masani a jami'ar Cornell ta Amurka, Mills, ya fitar da jadawalin wannan tun 1944, kuma har yau manoman tuffa suna aiki da shi, da 'yan gyare-gyare. Idan yanayi yana tsakanin digiri 16 da 24, kimanin awa 9 na jiƙa sun ishe ta. Idan sanyi ya sauko wajen digiri 6, sai ta nemi fiye da awa 20. Ganyen da ya bushe kafin lokacin ya cika ya sha da ƙyar.

[Zane: ƙwayar tana tsiro, tana huda fatar ganye]

Ga wurin da ake ruɗewa. Ƙwayar ta tsiro, ta huda siririn kakin da ya lulluɓe ganyen, ta kwanta a ƙarƙashinsa tana yaɗuwa. Daga waje ba a ganin komai. Ganye kore shar, mai lambu yana wucewa yana murna. Sai bayan kwana 9 zuwa 17 tabo ya bayyana, da farko kore-kore mai duhu da laushi, daga baya ya yi baƙi ya tsattsage fatar ɗan tuffa.

Wato tabon da kake gani yau, ruwan da aka yi kusan mako biyu da suka wuce ne ya haife shi. Magunguna irin su farar wuta da wanda ake kira captan a saman ganye suke zama, suna jiran ƙwayar ta sauka su hana ta tsiro. Ba sa bin ta ƙarƙashin kakin. Akwai wasu da ke iya cim mata a ciki, amma kwana biyu zuwa huɗu kacal suke da shi bayan ta shiga. Feshin da aka yi bayan tabo ya fito, ga wannan ganyen dai, ihu ne bayan hari. Amfaninsa ga sauran ganyen ne, domin kowane tabo yana fitar da sababbin ƙwayoyi da ruwa ke fantsamawa. Kuma babu maganin da ke mayar da fatar da ta riga ta lalace.

[Hoto: mai lambu yana share ganye, wani yana rage rassa]

Ni a ganina, tsintsiya da almakashi ba a ba su darajar da ta kamace su. Kwashe ganyen da suka kaɗe, ko daddatsa su, ko fesa musu takin yuriya don su yi saurin ruɓewa, duk yana rage ƙwayoyin baɗi. Rage rassa kuma yana barin iska ta ratsa, ganye ya bushe kafin awannin nan su cika. Abin na da muhimmanci, don bishiyar da cutar ta kaɗe wa ganye takan yi rauni, furen shekara mai zuwa ya ragu.

Bishiyar ma ba a zaune take ba. Ganye yana ƙara juriya idan ya manyanta. Wasu ire-iren kuma, da ƙwayar ta shigo, sai su kashe 'yan sassan da ke kewaye da ita, ta rasa abin ci. Daga wata tuffar ado, Malus floribunda, aka samo wannan gado, aka fitar da irin Prima a 1970. A 1993 aka ba da rahoton cewa fumfunar ta karya wannan kariya a Jamus, saboda haka ko mai irin nan bai kamata ya saki jiki ba.

[Hoto: kan reshe ya yi baƙi ya lanƙwashe]

Wannan kuwa kada ku haɗa shi da tabo. Idan kan reshe ya yi baƙi kamar an babbaka shi, ya lanƙwashe, bakteriya ce, Erwinia amylovora, kuma yawancin magungunan fumfuna ba sa taɓa ta. A yanke reshen a busasshen yanayi, kimanin santimita 30 ƙasa da inda baƙin ya tsaya, a tsabtace almakashin, a fitar da reshen daga lambun.