Kachalla, Gayya da Bakin Tafki a Ƙasar Haɗeja

Ku dubi wannan ciyawa da ta fi mutum tsawo. Kachalla ke nan. A yankin Guri da Kirikasamma, wurare da yawa da ta cunkushe haka, da can ruwa ne fili, masunta na jefa birgi, kwalekwale na wucewa.

Me ya ba ta wuri? A da, kogin Haɗeja kan cika da damina, rani na yi ya janye, ƙasa ta bushe har ta tsattsage. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai ruwa ya riƙa gangarowa kaɗan-kaɗan har da rani. Ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa, ga laka a kwance, abin da kachalla ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, gonar wani ta nutse, ta wani ta rasa ko ɗigo. Tsuntsun jan-baki kuma ya samu makwanci a cikinta, gari na wayewa ya auka wa shinkafa.

Shi ya sa garuruwa ke haɗa gayya don yanke kachalla. Amma ku lura da hannun dattijon da ya san aikin: bai sare ta a sama ba, ya nutsa laujensa ya yanke ta a ƙarƙashin ruwa. Ta ganye da kara take kai wa saiwarta iska. In ruwa ya rufe kututturen, saiwar ta shaƙe ta ruɓe. Wanda ya sare saman kawai, ba a daɗe ba zai tarar ta tofo. Abin da aka yanka kuma a fitar da shi tudu, kada ya koma ya cike hanya.

Abin da ya fi damuna shi ne gaɓa. Muna noma har bakin ruwa, mun sare itatuwan wurin, ruwan sama na zuwa ƙasa ta zaizaye ta faɗa tafki. Wannan lakar ce gadon kachalla. A bar 'yan taku tsakanin gona da ruwa, a dasa ciyawar jema, saiwarta na nutsewa ta riƙe ƙasa, a kuma samu ta yin zana. A bar goruba da bagaruwa su tashi. A zauna da sarkin ruwa, da manoma, da Fulani makiyaya, a ware mashaya, don kada kofato ya farfashe gaɓar da aka gyara. Lokacin dasa jemar shi ne da ruwan damina ya zauna.