Ƙwayar ƙarin jini da shayi: inda ake yin kuskure

[Hoto: butar shayi a kan gawayi, ana jera ƙananan kofuna]

Salamu alaikum jama'ar Damagaram. Saƙon murya ya yi ta yawo a WhatsApp kwanakin nan, wai ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a likita ba ta aiki, mutum ya sha wata biyu amma gajiyar na nan. Ƙwayar tana aiki. Abin dubawa shi ne da me aka kora ta, kuma a wane lokaci.

Bari mu fara da awo, a gurguje. Kasala kullum, jiri in an tashi tsaye, haki in an ɗan yi tafiya, kwaɗayin cin farar ƙasa ko taunar ƙanƙara: duk suna iya zama ƙarancin jini. Amma ido ba ya yanke hukunci, sai awo. A awon hemoglobin, wato sinadarin da ke sa jini ja, namiji ƙasa da 13, mace ƙasa da 12, mai ciki ƙasa da 11, jini ya yi ƙasa. Sannan lokotoro ya nemo ta inda yake tsiyaya: zazzaɓin sauro, tsutsar ciki, tsargiya daga wankan tafki, jinin al'ada mai yawa, ko gyambon ciki. Tulu mai huji, ko an cika shi da safe, kafin azahar ya sauka.

To an ba ki ƙwaya. A jikin kwalin za ki ga an rubuta Fer, wato sinadarin ƙarfe. Wadda ake ba masu ciki wurin awo, galibi miligiram 60 ne na ƙarfe haɗe da folik asid. Yanzu ku matso ku kalli wannan.

[Hoto: kofuna biyu, ɗaya ruwa, ɗaya shayi. Ana daka ƙwaya ana barbaɗawa a kowanne]

Na ruwa bai canza sosai ba. Na shayin fa? Ku ba shi ɗan lokaci. Kun gani, ya rine, ya koma kamar tawadar allo. Majema da dukawanmu sun daɗe da sanin wannan: fatar da aka jeme da bagaruwa, in ruwan tsatsar ƙarfe ya taɓa ta, baƙi take yi. Abin da ke sa bagaruwa bauri, tanin, shi ne ke cikin ganyen shayi. Yana kama ƙarfen ya ɗaure shi, hanji ya kasa tsotsa, ya wuce tare da bayan gida. Shayin da aka sha tare da ƙarfe yana iya rage abin da jiki zai samu da fiye da rabi. Kuma namu na fada ba mai sanyi ba ne, a tafasa a sake tafasawa, na farko ma har maƙe baki yake.

Wasu suka ce to sai su kora da madara, tunda madara tana gina jiki. A'a. Kalsiyam da ke cikin madara da nono shi ma yana tare wa ƙarfe hanya. Fura da nono kuwa abu biyu ne ya haɗu: nonon, da gero mai wani sinadari a dusarsa da ke riƙe ƙarfe. Kofi ma haka. Sai maganin gyambon ciki mai kashe tsami, da ruwan kanwa: ƙarfe yana son tsamin ciki kafin ya narke, su kuma tsamin suke kashewa.

Ba cewa aka yi a bar shayi ko fura ba, wa zai raba Badamagare da su? Tazara ake nema. Ga yadda ranar za ta tsaya. Bayan sallar asuba, ciki ba komai, a haɗiye ƙwayar da cikakken kofin ruwa. In akwai lemun tsami a matsa a ciki, ko a bi da lemu ko goba, domin bitamin C yana taimaka wa hanji ya karɓi ƙarfen. Sai a jira aƙalla awa ɗaya kafin shayi ko karin kumallo. In kuma an riga an karya, a jira awa biyu kafin a sha ƙwayar. Awa ɗaya kafin abinci, ko awa biyu bayansa.

Ku koma ga kofin nan da ya yi baƙi. Ga lemun tsami an matsa. Launin yana washewa.

Akwai wanda in ya sha da safe ciki ba komai zuciyarsa ke tashi. Kada ya yar da maganin. Ya sha da ɗan abinci kaɗan marar madara, ko ya mayar da shi dare kafin kwanciya, muddin shayin bayan isha'i ya yi awa biyu da wucewa. Kuma kada wanda ya ninka don ya warke da wuri. Duk lokacin da ƙarfe mai yawa ya shiga, hanta tana sakin wani sinadari, hefsidin, ya rage ƙofar shigarsa na kusan kwana guda. Shi ya sa wasu lokotoro suke cewa a sha yau a tsallake gobe. Wannan hukuncinsu ne. Mai ciki ta tsaya a kan yadda ungozoma ta faɗa mata.

[Hoto: kalanda, ana zagaye makonni]

Bayan mako uku zuwa huɗu a koma awo, ya kamata a ga jini ya ƙaru. In bai motsa ba, akwai abin da ba a gano ba tukuna. In ya dawo daidai, a ci gaba kamar wata uku, don rumbun ƙarfen jiki ya cika. A nan mutane da yawa ke ajiye kwali saboda sun ji ƙarfi, bayan ƴan watanni kasalar ta dawo.

Bayan gida zai yi baƙi ko ya taurara, ba abin tsoro ba ne, a ƙara ruwa da ganye, ga kopto nan. Amma in ya zo da danƙo kamar kwalta, da wari mai tsanani da jiri, wannan jini ne, a tafi babban likita nan take.

Masu sikila, ku saurara da kyau, wannan ya dame ni ƙwarai. Ƙarancin jininku daga fashewar ƙwayoyin jini ne, waɗanda ke mutuwa cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120. Wanda ake yi wa ƙarin jini akai-akai, ƙarfe taruwa yake a hantarsa da zuciyarsa. Kada ku sha ƙwayar maƙwabciya sai lokotoro ya auna ya rubuta. Mai shan siprofuloksasin, doksisikilin ko maganin maƙoƙo ya faɗa a farmasi, ƙarfe yana hana su shiga jiki in an haɗa.

[Hoto: hannu yana ɗora kwali a saman kabad]

Iyaye mata, kwalin nan a sama, inda hannun yaro bai kai ba. Ƙwayar ja ce kamar alewa, kuma ƴan ƙwayoyi kaɗan suna iya halaka ƙaramin yaro. In ya haɗiya, a kai shi likita tare da kwalin, ko da yana wasa lafiya lau.