Na'urar hoton ƙirji a jakar goyo: lacca kan fasahar zamani a harkar lafiya

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, iyayenmu malamai, abokan aiki, da ɗalibanmu da suka cika bayan ɗakin nan, ina muku barka da yamma. Ana jina daga baya? Toh madalla, a ɗan ƙara sautin kaɗan.

Abu biyar na rubuto a takardar nan kan yadda kwamfuta da waya da intanet suka shigo aikin asibiti, in Allah ya yarda za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko tiyata da mutum-mutumi, don na san shi kuka fi gani a Facebook. Abin ba sabo ba ne kamar yadda ake zuzuta shi. Tun watan Satumba na 2001 wani likitan Faransa, Jacques Marescaux, yana zaune a New York ya cire wa wata mata madaciya tana kwance a Strasbourg, teku guda a tsakaninsu. Na'urar tiyatar da ake kira "da Vinci" kuwa tun 2000 Amurka ta amince da ita. Kuma ba ita ke yanke shawara ba, likita ne ke riƙe da linzami, ita hannu ce kawai da ba ya karkarwa. Kuɗinta miliyoyin daloli ne, don haka mu ajiye ta nan, ba ita ce damuwarmu ta yau ba.

Na biyu, toh nan ne zan roƙi shugaban taro ya kau da ido daga agogo (dariya). Tarin fuka. Tibi. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu wannan cuta, kuma babbar matsalar ba magani ba ce, magani akwai, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, wata shida mutum yake sha ya warke. Matsalar ita ce gano mai cutar. Mutum yana tari sati biyu, wata biyu, yana zufa da dare, yana ramewa wandonsa na zamewa, sai ya je kemis a ba shi maganin tari mai zaƙi, in bai daina ba a ce sammu ne ko tarin sanyi, shi kuma yana nan yana kwana ɗaki ɗaya da yara shida. Kun gane? Kafin ya iso asibiti ya riga ya raba wa gida.

Hoton ƙirji yana nuna alamar tun da wuri, wani lokaci ma kafin mutum ya fara tarin sosai. Amma wa zai karanta hoton? Likitocin da suka ƙware a karanta hoto ƴan kaɗan ne, kuma suna manyan asibitocin birni, wasu ma sun tafi Saudiyya da Ingila, Allah ya ba su sa'a, ba gulmarsu nake ba (dariya). Toh a nan ƙirƙirarriyar basira ta shigo. An ɗauki hotunan ƙirji masu ɗimbin yawa waɗanda an riga an san wane mai tibi ne wane lafiyayye ne, aka yi ta nuna wa kwamfuta har ta koyi bambancewa. Akwai manhajar CAD4TB ta kamfanin Delft na ƙasar Holan, akwai qXR ta kamfanin Qure.ai na Indiya. A watan Maris na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta amince a yi amfani da irin waɗannan manhajoji a madadin mutum wajen tantance tibi ga ƴan shekara 15 zuwa sama. Ku lura, 15 zuwa sama ta ce a lokacin, saboda huhun ƙaramin yaro wani karatu ne daban.

Bari in kwatanta muku yadda ake yi don wanda bai taɓa gani ba. Na'urar ba irin wadda kuka sani ba ce mai cin ɗaki guda. Yanzu akwai wadda take shiga jakar goyo, mutum ya goya ta ya hau babur, da batirinta, ana iya cajinta da sola. A je ƙofar gidan mai gari ko bakin kasuwa ko gidan yari, a kafa wani faifai a jikin sanda, mutum ya zo ya manna ƙirjinsa, ya ɗora hannu a ƙugu ya turo kafaɗu gaba, a ce ja numfashi, riƙe, ƙit, shikenan. Kafin ya gama gyara hularsa hoto ya fito a laftof, ƙasa da minti ɗaya manhaja ta ba da maki daga 0 zuwa 100, ta kuma shafa launi a inda take zargi, in ka ga ja a saman huhu toh sai a kira shi gefe. A Kano an yi amfani da manyan motoci ma, na KNCV, ƙungiyar da ke yaƙi da tibi, masu ɗauke da na'urar hoton da ta gwajin kaki duk a ciki.

Amma ku saurara, nan ne ɗalibai ke faɗuwa jarabawa. Makin nan ba shi ne sakamako ba. Kwamfuta ba ta ce wane yana da tibi ba, cewa ta yi wannan huhun a duba shi. Wanda ya taɓa yin tibi ya warke yana da tabo, makinsa zai hau. Mai fasa dutse ko haƙar zinare da ƙura ta cinye masa huhu, makinsa zai hau. Dole a karɓi kakinsa a saka a na'urar gwajin kaki ta GeneXpert, wadda cikin kamar awa biyu take faɗa maka akwai ƙwayar cutar ko babu, har ta gaya maka ko mai bijire wa rifamfisin ce, ɗaya daga cikin manyan magungunan tibi. Sai an yi wannan. Sai an yi wannan, na maimaita.

Kuma mutum ne ke zaɓar daga maki nawa za a fara karɓar kaki. Kamar rariya ce, in ramukanta sun yi faɗi tsakuwa ta wuce, wato marasa lafiya su tafi gida ka ce musu lafiya lau, in kuma sun matse da yawa sai ka tara mutum ɗari suna jiran gwaji alhali kayan gwajin da ke hannunka na mutum ashirin ne. Kamfanin Holan ba zai yanke maka wannan ba, kai da ka san garinka da abin da ke sito ɗinka za ka yanke.

Wannan ya tuna min da abin da ya faru a Tailan, ku bar ni in ɗan kauce. Kamfanin Google ya yi manhajar da ke duba hoton cikin ido ta gano ɓarnar da ciwon suga ke yi kafin mutum ya makance. A ɗakin bincike tana ci sama da kashi 90. Aka kai ta ƙananan asibitoci 11, sai ga shi ta ƙi karɓar kusan kashi 21 na hotunan, wai ba su fito da kyau ba, saboda ita an koya mata da hotuna masu kyau sosai, irin hoton nan kuma ɗaki mai duhu yake so, a can kuwa nas na ɗauka ne a inda ta samu wuri, haske ta ko'ina. Ga intanet na jan ƙafa, layi ya yi tsawo, wanda aka ƙi hotonsa a ce ya tafi wani gari ganin ƙwararre, wani ba shi da kuɗin mota. Google da kansu suka wallafa wannan a 2020, kuma na yaba musu da suka faɗa. Tailan fa kenan, da wutarsu ba ta ɗaukewa kamar tamu. Shi ya sa duk wanda ya zo min da na'ura yana tallarta, tambayata ta farko ba kashi nawa take ci ba, tambayata ita ce tana aiki in babu sabis? In ta lalace wa zai gyara, kuma yana ina?

Ina muke ne? Na uku ko na huɗu? Wani ya ce na uku. Toh jirgi marar matuƙi. Kamfanin Zipline ya fara a Ruwanda a 2016 da kai jini, ya shiga Gana a 2019, sannan jihar Kaduna a 2022 daga tasharsa ta Pambeguwa. Ma'aikaciya ta tura saƙo ta waya, a ɗaure kwali a cikin jirgin, a harba shi, yana gudun kusan kilomita 100 a awa, bai ma sauka, yana zuwa saman asibitin zai saki kwalin da ƴar laima ya juya. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan matar da ke zubar da jini bayan haihuwa, ga damina hanya ta yanke, ya san darajar minti talatin. Sai dai jinin nan ba daga sama yake zuwa ba, sai wani ya bayar, don haka samarin da ke baya ku daina gudun allura.

Shugaban taro ya turo min takarda, wai minti biyar. Toh a gurguje. Akwai sa ido kan annoba, manhajar SORMAS da aka ƙirƙira bayan Ebola ta 2014 tare da Jamusawa, da wayoyin da aka riƙa ba masu rigakafin shan inna don taswira ta nuna unguwar da aka shiga da wadda aka tsallake, wannan ya taimaka har aka kai ga 25 ga Agusta 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Akwai manhajar AlphaFold da ta hasko siffar sinadaran furotin sama da miliyan 200, masu ita suka samu kyautar Nobel a 2024, masu neman sabon magani suna cin moriyarta. Sai sirrin marasa lafiya. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja WannaCry ta kulle kwamfutocin asibitocin Ingila, an soke ganin likita kusan 19,000. Mu ma muna da dokar kare bayanai ta 2023, kuma ku masu ɗaukar hoton fayil ɗin mara lafiya kuna turawa guruf na WhatsApp da sunansa a jiki, wallahi ku bari. Na biyar... ina ga na haɗa shi da na huɗu. A ba Hajiya abin magana, tun ɗazu hannunta na sama.

Tambaya: Likita sannu da ƙoƙari. Ni ɗana ne, duk abin da ya same mu a gida sai ya tambayi ChatGPT, ran nan har maganin hawan jinina ya ce min wai a rage. Ya halatta mu bi?

Hajiya, yana nan a ɗakin? Ya ɓuya ko? (dariya) Kar ki rage komai. Waccan manhajar ta huhu da na yi ta yabo aiki ɗaya tak aka koya mata, aka gwada ta da sakamakon kaki, hukuma ta duba ta sa hannu. Wannan ta ɗanki kuwa an koya mata tsara magana ne, kuma in ta sani da in ba ta sani ba da murya ɗaya take amsawa, ba ta inda-inda. Ba ta auna jininki ba, ba ta ga ƙafarki ko ta kumbura ba, ba ta san yanayin ƙodarki ba, kuma bai gaya mata sauran magungunan da kike sha ba saboda shi ma bai sani ba. Amfaninta akwai, in likita ya rubuta miki abu da turancinmu mai kama da tafiyar tsutsa, yaron ya tambaye ta ta fassara, ko ta taya ku shirya tambayoyin da za ku yi ranar ganin likita. Nan ta tsaya. In kina jin jiri in kin miƙe tsaye, wataƙila shi ya gani ya damu, kuma yana da gaskiya ya damu, toh ki sa ya auna miki safe da yamma na sati guda ya rubuta a takarda, ki zo da takardar da kwalayen maganin gaba ɗaya, har na gargajiyan in akwai, kar ki ɓoye. Shi ma ki taho da shi.

An kira salla ko? Toh sauran tambayoyin a rubuto a ba sakatare, masu son ganin hotunan huhun da na zo da su a laftof su same ni nan gaba bayan an idar.